Malam Bamalli da Kwalba ta Bakwai

Kafin ƙarfe bakwai na safe Malam Bamalli ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje na makarantar sakandaren da yake yi wa aiki. Daga gidansa a Hashimi zuwa can tafiyar minti ashirin ce ga mai lafiya. Shi arba'in yake yi, domin sai ya tsaya sau uku ya maida numfashi: a gindin mangwaron bayan kasuwa, a kan gadar rafi, sannan a ƙofar makaranta. Idan ya shiga, tagogi yake fara buɗewa. Sai ya bi bututun gas da hanci, ya wanke kwalabe ko da jiya ya wanke su, ya jera su ƙanana a gaba manya a baya, ya sake rubuta sunan duk sinadarin da takardarsa ta fara koɗewa. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana haka. A tsawon wannan lokaci babu ɗalibin da ya ƙone, babu wanda ya shaƙi abin da bai kamata ba. Ƙarshen wannan zango zai ajiye aiki, ba don tsufa ba, don ƙirji.

Wannan shi ne aikin da makaranta ta sani. Akwai wani da ba ta sani ba.

Har zuwa watan jiya, duk ranar Juma'a kafin ya fita, yakan durƙusa a gindin randar ɗakinsa, wata tsohuwar randa ginin matan Gwari da ya sayo a Garam, ya tone jiƙaƙƙen yashin da take zaune a kai, ya ciro gwangwanin biskit. A ciki akwai 'yan kwalabe goma sha ɗaya, kowacce ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, an liƙe bakinsu da wuta, an naɗe su da auduga. Yakan ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a bakin ƙofa, inda haske yake amma rana ba ta kai ba, ya duba, ya rubuta launin da ya gani, ya mayar. Ba nasa ba ne. Amana ce aka ba shi a watan Satumba na 1966. Tun ranar da likita ya gaya masa gaskiyar ƙirjinsa, abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: kada ya mutu da kayan mutane a hannunsa.

Malam Bamalli ɗan marina ne. Mahaifinsa da kakansa a bakin ramin rini suka tsufa, shi ma har ya kai shekara goma sha biyar hannunsa bai san wani launi ba sai na shuni. Ya yi elementare, ya iya karatu da rubutu, sai wani ɗan'uwa ya samo masa aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje na wata babbar makaranta can arewa da mu. A nan ya haɗu da Dakta Alphonsus, malamin kimiyyar sinadarai, mutumin Gabas wanda ya tashi a Sabon Gari, ya je ƙasar waje ya yi karatu, ya dawo a 1962 da akwatin littattafai da ɗan ƙullin gishirin filatinam da malaminsa na can ya ba shi.

Filatinam farin ƙarfe ne, ya fi zinariya wuyar samu. Gishirinsa yawanci rawaya ne, ko ja, ko fari-fari. Amma tun 1908 wasu masana a Jamus suka lura cewa idan aka haɗa shi da wani dangin sinadari da ake kira amaid, sai ruwan ya rikiɗe ya koma shuɗi mai duhu kamar turkuɗi. Aka sa masa suna shuɗin filatinam, kuma a kan sunan aka tsaya. Ba wanda ya san yadda ƙwayoyin zarrarsa suke zaune a ciki, ko abin da ke kawo shuɗin. Hanyar sani ɗaya ce: abin ya daskare ya zama ƙwaya mai kusurwa da ƙyalli, irin ta gishiri ko sukari, a haska ta da eksire a ga tsarinta. Shi kuwa shuɗin ya ƙi. Kullum gari yake zama, ko laka. Wannan ita ce matsalar da Dakta Alphonsus ya ɗora wa kansa.

Kafin ma a kai ga ƙwaya, launin kansa ya ƙi tsayawa. Malam Bamalli yana tuna ranar da Dakta ya jefar da alƙalami.

"Bamalli, abin nan zai haukata ni! Jiya shuɗi, yau kore, gobe kunun kanwa. Hannu ɗaya, awo ɗaya!"

Mai wanke kwalba ba ya koya wa dakta aiki, saboda haka mako uku ya yi yana kallo kawai. A na huɗu ya yi gyaran murya.

"Dakta, in ba za ka ga rashin kunyata ba."

"Faɗi."

"Kana toshe bakinsa da wuri. A marina, zane in ya fito daga rami kore-kore yake fitowa. Iska ce ke mayar da shi shuɗi. A bar shi ya sha iska, amma kada ya ƙoshi."

"Kada ya ƙoshi? Minti nawa ke nan?"

"Ba a agogo yake ba, ranka ya daɗe. A ido yake."

"To ara mini idon naka in manna a takarda mana!"

Dariya Dakta ya yi, amma ya gwada. Daga ranar shuɗin ya daina gardama. Daga ranar kuma Bamalli ne ke tsayawa a kan haɗin, kansa a sunkuye bisa tasa, yana jiran lokacin da zai ce "yanzu". Shekara uku ya yi yana shaƙar abin da ke tashi daga gishirin nan. Atishawa ta fara, sai ƙaiƙayin ido, sai fuka. Likitan da ke duba shi yanzu ya ce gishirin filatinam yakan yi wa wasu haka, kuma mai yiwuwa ne daga can ciwon ya samo asali. Bai ce tabbas ba.

A farkon 1966 suka shirya kwalabe goma sha ɗaya, kowacce da irin haɗinta, suka liƙe, don a bar su a wuri mai sanyi wata da watanni ko Allah zai sa ɗaya ta fitar da ƙwaya. Goma Dakta ya haɗa da awonsa. Ta bakwai ya ce, "Yi mini ita irin ta marina, ba zan sa baki ba." Haka aka yi.

Abin da ya faru da mutanen Gabas a Arewa a wannan shekara ba sai an maimaita wa mai karatu ba. Wata safiya a ƙarshen Satumba Dakta ya shigo ta ƙofar baya, ba kwat, ba taye, matarsa tana jiransa a mota. Ya zuba kwalaben a gwangwani, ya ɗauko littafin aikinsa ya ɗaure da igiyar rama, ya danƙa wa Bamalli duka.

"In na bar su a nan, wanda zai gaji ɗakin zai zubar. Kada su sha zafi, kada su ga rana, kada kowa ya buɗe su. Duk mako ka duba ka rubuta mini launinsu. Ga littafina, komai yana ciki. Wata biyu, wata uku, zan dawo."

"Allah ya kiyaye hanya, Dakta. In ba ka same ni a nan ba, ka tambayi gidan marina a Abuja. Kowa ya sani."

Abujar da yake nufi ita ce garin nan namu, kafin a ɗauki sunan a kai wa sabon babban birni, mu kuma mu shiga koyon cewa Suleja.

Shekara ta zagayo, ƙirji ya matsa, ya bar aikin ya dawo gida. Matarsa Yalwa ta ce a cikin babbar motar da ta kawo su, kayan ɗakinta a saman kaya suka sha rana da ruwa, gwangwani kuwa a cinyarsa ya zo, naɗe da jiƙaƙƙen buhu, duk inda aka tsaya sai ya nemi ruwa ya yayyafa. Ba shi da firiji, bai kuma taɓa tunanin samu ba. Ya san dai babu wurin da ya fi gindin randa sanyi a gidan talaka. Ya ɗebo yashin rafi ya zuba, Yalwa ta ɗauki nauyin jiƙa shi safe da yamma.

Na ga littattafan da ya rubuta, na ƙirga. Littafin makaranta ne mai shafi arba'in, guda goma sha biyu. Shigarwa ta farko ranar 7 ga Oktoba 1966. Daga nan zuwa 24 ga Nuwamba na bana, 1978, Juma'a ɗari shida da talatin da huɗu ce, babu wadda ta faɗi. Da ma'aunin marina yake rubutu: shuɗin bula, shuɗin sama bayan ruwa, shuɗin turkuɗi, shuɗi mai neman baƙi, kore-kore kamar zane bai sha iska ba. Uku daga ciki rubutun a karkace yake. A asibiti yake kwance a lokacin, Yalwa ce ta duba ta je ta gaya masa. A ɗaya an rubuta: "Ta huɗu, in ji Yalwa, kamar zanen da ta ɗaura ranar sunan 'yarmu Sakinatu bayan ya sha wanki biyu."

Kai ne, Malam, ka mai da gindin randa ɗakin bincike, ba wanda ya sa ka, ba wanda zai tambaye ka in ka fasa.

Unguwa ta san da gwangwanin, ba ta san abin da ke ciki ba. Ɗantala tela, taubashinsa, wanda shagonsa ke kallon ƙofar gidan, shi ne mai tsokana.

"Bamalli, yaya aljanun naka? Sun tashi lafiya? Mutane na kiwon kaji suna cin ƙwai, kai kana kiwon shuɗi!"

"Nawa dai ba sa rage yadin mutane."

"Kai ka sani. Ranar da suka fito, ka ce musu ba ruwana."

Ranar 20 ga Maris 1970, wata biyu da ƙarewar yaƙin basasa, shigarwar ta fi kowacce tsawo. Ga yadda take: "Ta bakwai ta fitar da wasu abubuwa a gindinta kamar allurai, guda tara ko goma, shuɗi mai neman baƙi, suna ƙyalli in an juya. Ruwan sama ya yi haske. Ban girgiza ba. Alhamdu lillahi. Dakta zai yi murna."

Ya san abin da ya gani. Shekara huɗu yana jin Dakta na ambatonsa. Yalwa ta ce ranar bai iya cin abinci ba, ya fita ya dawo ya fi sau biyar yana leƙa hanya, kamar mutumin zai sauko daga motar yamma. Ya nuna wa Ɗantala ta bakin ƙofa, bai bari ya taɓa ba. Ɗantala ya duba, ya bar wasa.

"In dai abin nan shi ne kuke nema, ka ɗauka ka kai wa masu iliminsa su gani mana."

"An ba ni in ajiye, ba a ba ni in nuna ba. Yaƙi ya ƙare. Mai kaya yana hanya."

"To kwance littafin, ko ya bar maka wata magana."

"In ka ba ni ajiyar akwati ka tafi Makka, sai in buɗe in ga abin da ke ciki?"

"Ni ai ba zan ba ka ba. Kai da za ka binne mini shi a gindin randa."

Ya jira. Ba zama kawai ya yi ba. Ya rubuta wasiƙa huɗu zuwa garin da ya taɓa jin Dakta na cewa can ne asalinsu, ba lambar gida, ba akwatin gidan waya, sai suna. Ba amsa. Ya bi 'yan kasuwar Gabas da suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, yana tambaya. Wani ya ce ya san mai irin sunan amma direba ne. Wani ya ce, "Malam, mutanen da muka rasa ba su ƙirguwa, ka yi haƙuri." Shi da kansa bai iya zuwa ba: bai san ƙasar ba, ƙirjin kuma ba zai kai shi ba.

Alluran suka zauna shekara biyu da wata huɗu. A littafi na shida ana ganin yadda suka tafi, mako bayan mako: ƙyalli ya ragu, baki ya dushe, ɗaya ta karye. Ranar 4 ga Agusta 1972 ya rubuta layi ɗaya: "Ta bakwai ta zama baƙin gari." A ƙarƙashinsa ya ci gaba da ta takwas.

Shekara biyar da rabi bayan haka labarin ya sake motsi. Makarantar ta samu sabon malamin kimiyya, Mista Bamidele, Bayarabe haifaffen Minna, mai jin Hausa kamar jakin Kano. Wata Alhamis a watan Afrilun bana yana koya wa 'yan ajin ƙarshe dalilin da ya sa ƙarafa ke ba da launi, sai ya kawo misali daga wasu shafuka da abokinsa ya aiko masa daga jami'a. Ya ce akwai wani shuɗin filatinam da ya gagari masana kusan shekara saba'in, har ana gwada irinsa ko zai yi maganin ciwon daji alhali ba a san siffarsa ba, sai bara wasu a Amirka suka samu ƙwayarsa suka ga tsarinsa. Daga bayan ɗaki aka ji tas. Kwalba ce ta kuɓuce wa Malam Bamalli a wurin wanki. Mista Bamidele ya ce ita ce ta farko da ya taɓa ji an ce ya fasa.

Da ɗalibai suka fita Malam Bamalli ya matso, yana goge hannu.

"Malam, abin nan da ka faɗa. Yaya suka ce yake?"

"Baba, ka san shi ne?"

"Faɗa mini dai."

"To. Ka ga sahun salla? Filatinam huɗu ne a jere, kafaɗa da kafaɗa. Shi amaid hannu biyu gare shi, ɗaya ya kama wannan, ɗaya ya kama na kusa da shi, ya haɗa su bibbiyu, bibbiyun kuma suka jingina da juna. Sai a ƙwace musu ilektaron ɗaya tak, wato 'yar ƙwayar lantarki. Ba za ka nuna ɗaya ka ce shi aka ƙwace wa ba. Su huɗun ne suka raba rashin. Wannan rabon shi ke sa abin ya shanye jan haske, ya bar wa idonka shuɗi."

"Wa ke ƙwacewa?"

"Iska na iya yi, ko wani sinadari mai irin aikinta."

"In ba a ƙwace komai ba fa?"

"Ba shuɗi."

"In aka ƙwace da yawa?"

"Nan ma shuɗin ya tafi."

Malam Bamalli ya gyaɗa kai a hankali. "Ya sha, amma kada ya ƙoshi," ya ce. Sannan: "Ashe rashi ne ke kawo shi. Gobe Juma'a. Ka biyo ta gida da safe, kafin makaranta."

Mista Bamidele ya je. Ya ga gwangwani, ya zauna a tabarma ya bi littattafan, har ya kai Maris na 1970. Ya ce bai san lokacin da ya ɗaga murya a gidan dattijo ba.

"Haba Baba! Haba! Shekara biyu da wata huɗu a gindin randa? Me ya sa ba ka kai wa kowa ba?"

"Ba nawa ba ne, Malam."

Dole a faɗi abu ɗaya a nan, kuma Mista Bamidele da kansa ya nemi a faɗa. Ba wanda zai iya cewa yau mene ne waɗannan allurai. Ta yiwu ƙwayar shuɗin ce da duniya ke nema. Ta yiwu wani gishiri ne dabam da ya ari launin. Na Amirka ma ba irin na Dakta ba ne sak, ɗan'uwansa ne, da wani amaid dabam aka yi shi. Baƙin gari ba ya ba da shaida. Abin da aka sani shi ne, an ga wani abu, an rubuta shi daidai, kuma ba a kai shi inda za a tantance ba.

Malam Bamalli bai nemi a tantance masa komai ba. Ya roƙi abu ɗaya: a taimaka masa ya sami mai kaya. Mista Bamidele ya rubuta wa limaman coci na wannan yanki na Gabas, ya roƙa a karanta sanarwa ranar Lahadi. Wata bakwai aka yi. A cikinsu Malam ya kwanta asibiti sau ɗaya, ya kira Yalwa da Ɗantala ya yi musu wasiyya a kan gwangwani kafin ya yi a kan gida.

Ranar Alhamis 23 ga Nuwamba, da la'asar, wata mace mai furfura ta sauka a tasha daga motar Lakwaja, ta tambayi gidan marina. Wasu baƙin ma'aikatan sabon birni da ke haya a unguwar ba su sani ba, sai wata mai ƙosai ta nuna mata. Madam Ngozi ce, matar Dakta, yanzu malamar firamare. Hausarta ba ta tafi ba. Ta gaisa da Yalwa, ta sha ruwa, sannan ta dubi maigidan.

"Malam Bamalli, Dakta ba zai zo ba."

Zazzaɓi da yunwa ne suka yi ajalinsa, a wani ƙauye da suka gudu, damina ta 1968. Wato ranar da allurai suka fito, ranar da Malam ke leƙa hanya, mutumin ya kusa shekara biyu a ƙasa.

Washegari da safe aka tone yashi. Madam Ngozi na zaune, Mista Bamidele da Ɗantala na tsaye a bakin ƙofa. Malam ya ɗaga kwalaben ɗaya ɗaya kamar kullum, ya rubuta, sannan ya tura mata gwangwanin da hannu biyu, ya ɗora littafin Dakta a kai.

"Ga amanarku, Madam. Goma sha ɗaya aka ba ni, ga goma sha ɗaya. Ki duba."

Ba kwalaben ta duba ba. Igiyar ta duba.

"Wannan ƙullin nasa ne. Haka yake ɗaure komai. Malam, ba ka taɓa kwancewa ba?"

"Ba a ce in kwance ba."

Ƙullin ya ƙi, sai da Yalwa ta kawo wuƙa. Madam ta bi shafukan, lissafi ne da zane da Turanci, har ta kai na ƙarshe. Nan ta tsaya. Sannan ta karanta a fili, domin da Hausa aka rubuta, irin ta Sabon Gari, da manyan baƙaƙe, da gaggawa:

"Bamalli. In shekara ta cika ban dawo ba, ko in ka ga ƙwaya ta fito a kowace kwalba, kada ka jira ni. Ka kai su wurin shugaban sashenmu, ya san inda za a aika. Ta bakwai aikinka ce daga farko har ƙarshe, taka ce. In an rubuta takarda a sa sunanka."

Ɗantala, wanda ya ba da wannan shawara shekara takwas da suka wuce, bai ce ai na gaya maka ba. Ya sunkuyar da kai ya fita tsakar gida.

Malam Bamalli ya ce a sake karantawa. Aka sake.

"Ya ce mini komai yana ciki," ya ce. "Da kunnena na ji." Tari ya kama shi, aka jira ya lafa. "Madam, na cuce shi ke nan?"

"Ni ban san kimiyya ba," in ji ta. "Amma na san mijina. Da yana nan da ya ɗora hannu a ka ya yi ta ihu, Bamalli ka kashe ni, Bamalli ka kashe ni, har maƙwabta su fito. In ya gaji ya zauna a tabarmar nan ya karanta littattafanka goma sha biyu, ba zai tashi ba sai ya gama." Ta shafa murfin gwangwanin. "Mun bar gida a Arewa, da kujeru, da keken ɗinki, da hotunan aurenmu. Ban sake ganin ko cokali ba. Wannan kaɗai aka ajiye mana. Laifinsa ne da ya ɗaure. Ya san wanda yake ba wa."

Ta ɗauki kwalabe goma da littafin mijinta. Da ya miƙa mata nasa littattafan ta mayar masa. Ta zare ta bakwai daga auduga ta sa masa a tafin hannu.

"Wannan ba ta cikin amana. Ka ji abin da ya rubuta."

Ranar Asabar ta koma.

Ba za a sa sunan Malam Bamalli a wata takarda ba. Shuɗin filatinam ya riga ya sami masu shi, kuma sun cancanta. Ba a rubuta wannan don a ce an ƙwace masa wani abu ba. Ba wanda ya ƙwace. Abin da ya hana shi shi ne abin da ya sa aka ba shi ajiyar tun farko, kuma ban san yadda za a raba biyun ba.

Kai ne, ɗan marina, ka ga da ido abin da awo ya kasa kamawa, ka faɗe shi da ladabi shekara goma sha huɗu kafin a zana shi a takarda. Kai ne aka ce wa wata uku, ka yi shekara goma sha biyu. A lokacin da mutane ke rabon kayan waɗanda suka gudu, kai kana yayyafa wa na wani ruwa. Ka yi kuskure ɗaya, kuma irin kuskuren da sai mai amana ke iya yinsa. Mun gode, Malam. Allah ya sassauta maka ƙirji, ya saka wa Yalwa da ta jiƙa yashi safe da yamma ba ta taɓa tambayar ranar gamawa ba.

Ga sauranmu, abu biyu. Wanda aka ba ajiya ya riƙe ta kamar yadda wannan mutum ya riƙe. Masu ilimi kuma, malamai da daktoci da shugabannin sassa, ku riƙa juyawa bayan ɗaki kuna tambayar mai wanke kwalba abin da ya gani, ku kuma gaya masa da baki, ba a shafin ƙarshe ba, abin da yake nasa. Da yawansu ba za su kwance igiya ba sai an ce su kwance.

Yalwa ba ta daina jiƙa yashin ba. Ranar Juma'a 1 ga Disamba Malam Bamalli ya durƙusa a gindin randa, ya ciro kwalba ɗaya, ya ɗaga ta a bakin ƙofa. Shigarwa ta ɗari shida da talatin da biyar ita ce mafi gajarta a littattafan duka: "Ta bakwai. Baƙin gari. Tawa."